Wa Kake Zagi? Tunatarwa a Kan Maganar da Muke Yi da Kanmu

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), muna neman izinin manya mu taɓo wani ɓangare na harshe wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Mun tashi a gidan liman, mun saurari huɗubobi ba adadi a kan gulma da annamimanci da ƙarya da zagin maƙwabci, waɗanda duk laifuffuka ne na maganar da ke fita kunne ya ji. Amma akwai wata magana wadda ba ta ƙetare leɓe, wadda mutum ke yi da kansa a kan tabarma bayan an kashe fitila, ko a kan zemijan yana jiran fasinja a bakin titi. Ita muke so mu duba yau, musamman irin kalmomin da samarinmu da 'yan matanmu ke jifar kansu da su idan al'amari ya ɓaci.

Za mu fara da abin da ya same mu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A shekarar 2010 muka faɗi jarrabawar BAC II karo na biyu a jere. Duk wanda ya taɓa tsayawa a farfajiyar makaranta ranar da ake kiran sunayen waɗanda suka ci ya san yadda zuciya ke bugawa idan an iso harafin sunansa, ya kuma san irin shirun da ke sauka a kansa idan an wuce ba a ambace shi ba. Nauyinmu ya fi na abokanmu ta fuska ɗaya. Kafin jarrabawar, iyaye mata sun yi ta kawo 'ya'yansu zauren mahaifinmu domin ya sa musu albarka, kuma da dama daga cikinsu sun ci. Ɗan mai addu'ar shi ne ya dawo hannu rabbana. Ranar ba mu hau babur ba, da ƙafa muka tako har gida, muna zaɓen lungunan da ba za mu haɗu da idon sani ba.

Daren nan barci bai zo ba. Kafin kiran sallar asuba muka fita tsakar gida da buta, muna alwala muna gunaguni, ba mu san cewa muryar ta fito fili ba: "Jaki kawai. Ɗan asara. Kai ba lakwal ba, kai ba madarasa ba. Ka zubar wa Malam da mutunci a Zongo." Ashe mahaifinmu yana tsaye a bayanmu da tasa butar.

Ya ce: "Wa kake zagi da asubar nan?"

Muka ce: "Ba kowa, Baba. Da kaina nake."

Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce: "Ni dai na ji ana zagin ɗana a cikin gidana. Da baƙo ne ya faɗi rabin abin da na ji, da yau sai unguwa ta raba mu. Kai wa ya ba ka izini? Ƙarasa alwalarka, in an sallame ka same ni a zaure."

Mun zaci faɗa ne ke jiranmu a kan jarrabawa. Da muka shiga, sai muka tarar ya buɗe Riyadus Salihina na Imam Nawawi, ya sa yatsa a kan wani hadisi da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha (RA). A cikinsa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya siffanta ransa da kalmar da ke nufin ƙazanta da mugunta, ya koya masa wata kalma a madadinta wadda ke nuna cewa ran ya dagule ne kawai, ba ya jin daɗi. Malam ya bayyana mana cewa malaman lugga sun ce kalmomin nan biyu ma'anarsu kusan ɗaya ce a bakin Larabawa, munin lafazin ta farko ne aka ƙi. Ya ce: "Ka gani, ba a hana ka ka ce ranka ya ɓaci ba, domin ya ɓaci ɗin. An hana ka ka laƙaba masa mummunan suna. In har shari'a ta kula da wannan ɗan bambanci, ina ga wanda ya kwana yana kiran kansa jaki?" Wannan hadisi mun karanta shi a madarasa tun muna yara, mun haddace shi domin jarrabawa, amma ba mu taɓa gane cewa da mu yake ba sai ranar.

Tun daga lokacin muka fara kasa kunne ga yadda tsararrakinmu ke ambaton kansu, kuma abin da muka ji ya tsorata mu. Ɗan Zongo ya iya magana da baƙo. Unguwarmu ta ginu ne a kan saukar fatake da dillanci, kakanninmu sun ci abinci da laushin harshe tun zamanin da ake safarar goro daga Gwanja, kuma har gobe yaro ƙarami a nan ya san yadda ake gaishe da mutum har ya saki jiki. Idan abokinmu ya yi asara muna da kalmomin da muke tarbarsa da su: sannu, Allah Ya mayar da alheri, ba kai ka fara ba, dukiya ba ta kai rai ba. Amma idan asarar ta zo kanmu sai waɗannan kalmomi su ɓace, wasu su maye gurbinsu: ni ba ni da sa'a, ni baƙin jini gare ni, ni dama ban taɓa yin abin kirki ba. Wanda ya gama jami'a ya koma tuƙa zemijan yana kiran kansa ɗan banza sau ɗari kafin la'asar, alhali da guminsa ake ɗora tukunya a gidansu. Yarinyar da aurenta ya mutu bayan shekara biyu tana faɗa wa kanta abin da ko maƙiyiyarta za ta ji kunyar furtawa.

Wani zai ce ai magana ce kawai, iska ce. Mu mun ga abin da ta ci. A daren 11 ga Janairu wayewar 12 ga wata, shekarar 2013, gobara ta cinye babban ginin kasuwar Adawlato a nan Lome, kwana biyu bayan ta Kara ta ƙone. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani abokinmu, tare muka yi makarantar allo, wanda ke sayar da atamfofin da wani maigida ya ba shi bisa amana. Bai kunna wutar ba, bai yi sakaci ba. Maigidan da kansa ya zo gidansu ya yi masa jaje, ya ce a bar maganar kuɗi sai hankali ya kwanta. Dattawa sun yi masa nasiha, mu ma mun zauna da shi dare da rana. Amma duk abin da aka faɗa masa da rana, muryar da ke cikinsa tana warware shi da dare. Abin da yake ta maimaitawa shi ne cewa shi maci amana ne, ba shi da fuskar da zai kalli mutane da ita. Bayan wata uku ya bar gida ba sallama. Labarin ƙarshe da aka samu shi ne an gan shi a Agadas yana neman motar Libiya. Mahaifiyarsa har yau takan ɗaga kai idan an yi sallama da muryar namiji. Babu wanda ya kore shi daga Zongo. Hukuncin da ya yanke wa kansa ne ya fitar da shi, hukuncin da mai dukiyar ma bai yanke ba.

A nan ya kamata mu tsaya mu amsa wata tambaya da muka san tana zukatan iyaye, domin mahaifiyarmu ma ta yi ta. Shin wannan tausaya wa kai ba ƙofar lalaci ba ce? In yaro ya faɗi jarrabawa ya ce wa kansa ba komai, yaushe zai gyara? Tambaya ce mai nauyi, kuma addininmu bai goyi bayan mai ba kansa uzuri a kan komai ba. Allah Ya yi rantsuwa da rai mai zargin kansa a farkon Suratul Ƙiyama, malamai kuwa sun ce ba Ya rantsuwa sai da abu mai girma. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u Ulumid Din a kan tsaron rai da yi masa hisabi, kuma bai sassauta masa ba: ya yi maganar gindaya masa sharaɗi da safe, da sa masa ido da rana, da bin lissafinsa da dare, har da horonsa da yi masa faɗa. Sai dai misalin da ya gina maganar a kansa misali ne da kowane ɗan Zongo zai gane, wato ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Kana zama da abokin ciniki ka buɗe littafi, ka nuna masa inda aka yi asara, ka ɗaure fuska in ta kama, domin kana son gobe a ci riba tare. Wanda ya tashi ya cinna wa rumfar wuta ya kori abokin, ba hisabi ya yi ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, sun kuma ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Bambancin yana cikin abin da kalmar ta nufa. Hisabi yana kallon aiki: ban ba lissafi haƙƙinsa ba, na ɓata watanni uku ina yawon kallon ƙwallo, na karɓi kaya fiye da ƙarfina. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da magani, kuma da jin ta mutum ya san abin da zai yi gobe da safe. Zagi kuwa yana kallon zatin mutum: ni daƙiƙi ne, ni asararre ne. Wannan ba ta da magani, domin wanda ya yarda cewa shi jaki ne ba shi da dalilin sake buɗe littafi. Saboda haka sau da yawa mai tsananta wa kansa shi ne ke fara ajiye kaya ya gudu.

Ku dubi ƙissar Ka'abu ɗan Malik (RA), wanda ya ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira ba tare da uzuri ba. Da aka dawo, wasu suka zo da rantsuwar ƙarya, shi kuwa ya tsaya ya faɗi gaskiya cewa ba shi da hujja. Aka ƙaurace masa shi da abokansa biyu har kwana hamsin, ko sallamarsa ba a amsawa. Cikin wannan ƙunci sarkin Gassan ya aiko masa da wasiƙa yana kiransa ya zo a girmama shi, sai ya jefa ta cikin tanderu. Ya amsa laifinsa ba tare da ragi ba, amma bai yanke wa kansa hukuncin cewa ya fita daga rahama ba, bai kuma bar Madina ba. Ya ci gaba da zuwa masallaci har Allah Ya saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba. Duk lokacin da muka karanta wannan ƙissa sai abokinmu na Adawlato ya faɗo mana a rai: Ka'abu yana da laifi ya zauna, shi ba shi da laifi ya tafi.

Masu binciken halayyar ɗan Adam na wannan zamani sun iso kusa da wannan wuri ta tasu hanyar. A 2003 wata malama a Jami'ar Texas ta Amurka, Kristin Neff, ta bayyana tausaya wa kai da abubuwa uku: mutum ya yi wa kansa magana da taushi, ya tuna cewa kuskure da wahala rabon kowane ɗan Adam ne, ya kuma dubi ɓacin ransa yadda yake ba tare da ya ɓoye shi ko ya zuzuta shi ba. A 2012 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Juliana Breines da Serena Chen, suka ba ɗalibai jarrabawa mai wuya da gangan, sai suka ga waɗanda aka tunasar da su yi wa kansu sassauci sun fi sauran daɗewa suna bita kafin zagaye na biyu. Wannan amsa ce ga tambayar mahaifiyarmu. Kuma tun kafin su da shekara fiye da dubu, Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya yi bayanin zancen zuci da waswasi, ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo.

Mun ɗauki shawararsa, kuma ga abin da muka ajiye a namu ɗan akwatin, ko wani zai amfana. Na farko, idan abu ya ɓaci muna ambaton aikin da sunansa, mu bar zatinmu a gefe. Na biyu, muna kiran kanmu da sunanmu, da irin muryar da Malam ya yi mana magana da ita a zaure: "Wane, ka ji jiki yau, sannu. To, me ya rage a hannunka?" Da farko abin ya ba mu dariya, daga baya muka samu labarin cewa Ethan Kross na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa masu kiran kansu da suna kafin su yi jawabi a gaban mutane sun fi natsuwa, kuma ba su cika cin kansu da kunya bayan sun gama ba. Na uku, muna toshe ƙofar "da na sani", domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mumini ya himmatu ga abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, in kuma abu ya same shi ya mayar da shi ga ƙaddara ya bar ƙirga abin da da ya yi, saboda ta nan Shaiɗan ke shiga. Na huɗu, muna tambayar kanmu: da ƙanenmu ne ya zo da wannan labari, me za mu ce masa? Abin da za mu ce masa shi muke faɗa wa kanmu, ba ƙari ba ragi.

Akwai kuma darasi a bakin dattawanmu, in mun saurara. A 1977 aka rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka mayar da mutanensa nan Agoe, nesa da kasuwa da tashar jiragen ruwa inda abincinsu yake. Mahaifinmu yana saurayi a lokacin, kuma mun ji labarin daga bakuna da yawa. Ba mu taɓa jin tsoho ɗaya ya ce "mun lalace" ba. Cewa suke yi "an tashe mu, muka sake kafawa." Haka suka ce bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, haka suka ce bayan ambaliyar 2008 da ta karya gadar Togblekope. Sunan unguwarmu ma yana tunasar da mu: zango wurin da ayari ke sauke kaya ne ya huta kafin ya ci gaba, ba a taɓa ɗaukarsa ƙarshen tafiya ba.

Zuwa ga iyayenmu maza da mata, muna roƙo cikin ladabi. Muryar da yaro ke zagin kansa da ita yana da shekara ashirin da biyar, sau da yawa a tsakar gida ya fara jin ta yana da shekara bakwai. "Ɗan banza", "ba za ka yi albarka ba", "dubi ɗan wane", kalmomi ne da ake faɗa cikin fushi a manta kafin magariba, amma yaron yana ajiye su, ranar da ya faɗi sai ya ciro su ya karanta wa kansa. Ya zo a hadisin Jabir (RA) cikin Sahihu Muslim cewa an hana mutum ya yi mummunar addu'a ga kansa ko 'ya'yansa ko dukiyarsa, kada ta dace da sa'ar karɓa. Ku yi faɗa a kan aiki, wannan haƙƙinku ne kuma muna bukatarsa, amma ku bar wa yaro sunansa mai kyau. Idan kuma kun ga ɗanku ko 'yarku ta daina barci, ta daina cin abinci, tana janyewa daga mutane har makonni, ko kun ji yana ambaton cewa mutuwa ta fi masa, to al'amarin ya wuce nasiha kaɗai. A yi addu'a, a kuma kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba, kamar yadda ake yi da zazzaɓi. Wannan ba raunin imani ba ne, neman magani umarni ne na shari'a.

Mu dai mun sake zama jarrabawar a 2011, mun tsallake da ƙyar, kuma hali bai ba mu damar shiga jami'a ba. Yau muna karantar da yara a madarasa da yamma, da safe muna riƙe wa wani ɗan kasuwa littafin lissafi. Tsohuwar muryar ba ta mutu ba, takan dawo duk ranar da wata ya yi nisa aljihu ya bushe, ko muka haɗu da abokin aji cikin mota mai sanyi. Abin da ya sauya shi ne yanzu muna gane ta idan ta fara, sai mu tuna da tsohon da ke tsaye a bayanmu da buta a hannu, mu yi wa kanmu tambayarsa.

Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa abokinmu da ya tafi cikin addu'arsa, shi da sauran 'ya'yan Zongo da ke kan hanyoyin da iyayensu ba su sani ba. In kuwa Allah Ya sa wannan takarda ta faɗa hannunsa a wata ƙasa, to ya sani ba wanda ke binsa da zargi a nan, mahaifiyarsa tana jira, ƙofa a buɗe take. Allah Ya tsarkake harsunanmu na fili da na ɓoye, Ya sanya tausayi a tsakaninmu da 'ya'yanmu da kuma tsakaninmu da rayukanmu, Ya gafarta wa magabatanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.